Kwanakin da ke gaban al'ada: wane ganye ke aiki, nawa za a sha, kuma yaushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 29, ina da aure da 'ya'ya biyu. Duk wata idan ya rage kamar mako ɗaya al'adata ta zo, sai mamana su yi nauyi suna ciwo, cikina ya kumbura, in riƙa jin haushin kowa ba gaira ba dalili, wani lokacin har da kuka. Da jini ya zo ya kwana biyu sai in ware, ban da ciwon mara na ranar farko. An ce min sanyi ne, an ba ni jiƙo a gora, wata kuma ta ce in riƙa shan kanwa. Ba na son yawan haɗiyar ƙwayoyin asibiti. Akwai maganin gargajiya da ke aiki da gaske? Yaya ake shan sa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai, sai dai ba su kai yawan da masu talla ke lissafawa ba, kuma kowanne da inda yake ci. Kafin mu je kansu, cire maganar sanyi daga ranki. Ciwon sanyi na mata yana zuwa da ƙaiƙayi, ko fitar ruwa mai wari ko mai launi, ko zafin fitsari, kuma ba ya duba kalanda. Abin da ke zuwa saura mako ɗaya, ya tafi da kansa bayan jini ya sauka, ya sake dawowa wata mai zuwa a daidai lokacin, shi ne likitoci ke kira PMS. Maganin sanyi ba zai taɓa shi ba, na asibiti ko na gora.

Ga yadda abin yake faruwa. Kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, jikin mace yana sakin ƙwai. Daga nan firojestaron, ɗaya daga cikin sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada, yana hawa, ya kai ƙololuwa bayan kamar mako ɗaya, in ba a samu ciki ba sai ya sauko shi da ɗan'uwansa istirojin, jini ya biyo baya. Matan da ke shan wahala a wannan tsakani yawanci sinadaransu daidai suke da na sauran mata idan an auna. Bambancin yana ga yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar hawan da saukar, musamman ta ɓangaren sirotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ke da hannu a natsuwa da barci da son abinci. Shi ya sa gwajin jini ba ya nuna komai, mace ta koma gida an ce mata lafiyarta ƙalau alhali ta san abin da take ji. Kuma shi ya sa duk wani matsi, ko tsuguno a kan turare, ko kama ruwa da jiƙon bagaruwa ba su da abin da za su yi a nan. Matsalar ba a ƙasa take ba.

Aikin farko ba shan komai ba ne, rubutu ne. Ki samu littafi ki ja layuka. Ranar da jini ya zo sosai ita ce rana ta 1. Kowane dare kafin ki kwanta ki ba abubuwa biyar ko shida maki daga 0 zuwa 3: fushi, ƙunci ko kuka, ciwon mama, kumburin ciki, ciwon kai, barci. Ki yi haka wata biyu a jere. Mace mai lissafin kwanakin haila da tsarki saboda salla ta riga ta saba da rabin wannan aiki, ƙarin kawai shi ne makin. Ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ma wannan rubutu na wata biyu ta sa a gaba kafin a ce mace na da PMS, domin tunawa da ka tana yaudara. Abin da za ki nema a littafin shi ne mako guda fari tas, bayan al'ada, wanda makin ya koma 0 ko kusa. Idan babu irin wannan mako, wato ƙuncin da kasalar suna nan duk wata suna dai ƙaruwa ne gab da al'ada, to akwai wani abu a ƙasa: ciwon damuwa, ko ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo. Waɗannan ganye ba ya maganinsu, gwaji suke so.

Littafin zai kuma raba miki abubuwa biyu da kika haɗa a tambayarki. Ciwon mara na ranar farko daban yake da abin da ke gabansa. Shi yana zuwa ne daga sinadarin firostagilandin da bangon mahaifa ke fitarwa lokacin zubar jini, wanda ke sa mahaifa matsewa da ƙarfi. Wasu ganyayen ciwon marar suke yi wa aiki, wasu fushin da ciwon maman. Mace ta sha abin da aka yi don ɗaya tana jiran ya warkar da ɗayan, sai ta ce bai yi ba.

Mu fara da abin da ke cikin kicin ɗinki, citta. Ita ce na fi ba da shawara a fara da ita, don tana da arha, ana samun ta ko'ina, kuma an gwada ta fiye da yawancin sauran. Cittar Kudancin Kaduna, ta wajen Kachia da Kafanchan, tana cikin masu yaji ƙwarai, kuma yajin nan shi ne maganin: sinadaran da ke sa ta zafi a harshe suna rage haɗa firostagilandin, hanya ɗaya da ibuprofen ke bi, sai dai da sauƙi. A wani gwaji da aka buga a 2009 a kan ɗalibai mata 150 a Iran, garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana, a kwana uku na farkon al'ada, ya rage ciwon mara kusan daidai da ibuprofen da kuma maganin da aka fi sani da Ponstan. Wani gwajin na 2014 ya duba alamomin kafin al'ada, da miligiram 250 safe da yamma, daga saura kwana bakwai har kwana uku bayan zuwan jini, aka ga sauƙi a jiki da kuma yanayin rai. Gwajin ƙarami ne, amma citta ba ta da haɗarin da zai hana a gwada.

Awon a gida haka yake. Ƙaramin cokalin shayi a shafe, ba a tsiri ba, yana ɗaukar garin citta kimanin giram 2. Don kwanakin kafin al'ada, kwatan wannan cokali ya ishe ki yini guda, ki raba shi biyu, safe da dare, a ruwan zafi ko a kunu. Ranar da jini ya zo sai ki ɗaga zuwa rabin cokali ko cokali guda a yini, a raba uku ko huɗu, kwana uku ki tsaya. In ɗanya za ki yi amfani da ita, ki tuna yawancinta ruwa ne: yanki kamar gaɓar babban yatsa, wajen giram 5, shi ne kwatankwacin giram 1 na gari. Ki kankare, ki yayyanka siriri ko ki daddaka, ki zuba a kofi ɗaya da rabi na ruwa, ki rufe tukunyar, ya yi minti 10 a wuta kaɗan. Rufewar tana da muhimmanci, don wani ɓangare na ƙamshin da ƙarfin yana bin tururi.

Saura kwana bakwai ɗin ma sai da lissafi. Idan tsakanin al'adarki kwana 28 ne, ki fara a rana ta 21 ko 22. Idan kwana 32 ne, rana ta 25 ko 26. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ciwon ya kama sosai sannan a ɗora tukunya. A lokacin firostagilandin ya riga ya taru. Kuskure na biyu shi ne yawa. Citta a cikin da babu komai tana kawo ƙwannafi, kuma mai gyambon ciki ta fi kowa jin haka, don haka a sha bayan abinci, kar a wuce giram 4 na gari a yini duka-duka, har da wanda ke cikin yaji da zoɓo. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ta tambayi likitanta tukuna. A guji cittar da ta yi funfuna ko take warin ruma, gara ki sayi busasshiya ki daka da kanki da ki sayi garin da ba ki san abin da aka cuɗa masa ba.

Ganyen da ya fi kowanne hujja a kan PMS kanta, wato fushi da ciwon mama da ciwon kai, ba na ƙasarmu ba ne. Sunansa Vitex agnus-castus, ɗan itace ne na ƙasashen gaɓar Bahar Rum, 'ya'yansa kamar masoro. A cikin kwali za ki ga an rubuta Vitex, ko Agnus castus, ko Chasteberry. Yana aiki ne a wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, inda yake kwaikwayon sinadarin dofamin ya rage firolaktin, sinadarin da ke sa mama cika. A 2001 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani gwaji daga Jamus a kan mata 170: rabi sun sha tataccen Vitex miligiram 20 kullum na wata uku, rabi sun sha ƙwayar da babu magani a cikinta ba tare da sun sani ba. Kashi 52 cikin ɗari na masu shan na gaske alamominsu sun ragu da rabi ko fiye, a ɗaya ɓangaren kashi 24. Wani gwaji na 2012 ya kwatanta miligiram 8 da 20 da 30, ya samu 8 ya yi kaɗan, 30 kuma bai fi 20 da komai ba. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da wannan awo na miligiram 20 sau ɗaya a rana. Masu tattara gwaje-gwajen daga baya sun ga amfanin, sun kuma yi ƙorafin cewa da yawa cikin gwaje-gwajen ba a tsara su da kyau ba, saboda haka a ɗauke shi a matsayin abin da ke taimakon wasu, ba kowa ba.

A nan gizo ke saƙa wajen saye. Miligiram 20 ɗin na tataccen magani ne, wanda aka tace daga 'ya'yan itacen da suka ninka shi sau 6 zuwa 12. Kafson da aka rubuta miligiram 400 ko 500 na niƙaƙƙen 'ya'yan itacen wani abu ne daban, kuma babbar lamba ba ta nufin ƙarfi. Dafa shi kamar shayi ma ba ya fitar da abin da ake so, domin sinadaran ba sa narkewa sosai a ruwa. Ana tace shi ne da sinadarin barasa sannan a busar, shi ya sa ƙwayar ba ta da barasa, amma na ruwa mai ɗigo yawanci yana da ita. Wadda wannan ya dame ta ta zaɓi ƙwaya. Ana shan sa kowace rana ce, har cikin al'ada, ba saura mako ɗaya kawai ba, kuma ba a yanke masa hukunci sai bayan wata uku. Yana iya kawo ciwon kai, tashin zuciya, ƙuraje, ko ya ɗan gusar da ranar al'ada. Ba na mai ciki ba ne, ba na mai shayarwa ba ne tunda yana taɓa firolaktin, ba na wadda ta taɓa ciwon dajin mama ba ne, kuma ba a haɗa shi da magungunan taɓin hankali, ko maganin amai metoclopramide, ko maganin rage firolaktin bromocriptine. Wadda ruwan nono ke fito mata alhali ba ta shayarwa kada ta sha, ta je a auna firolaktin ɗinta, don Vitex na iya rufe alamar ƙari a wannan halitta ta ƙasan ƙwaƙwalwa.

Ɗinyarmu 'yar gidansu ɗaya ce da wannan itace, masana tsirrai na kiran ta Vitex doniana. Dangantakar ba ta sa ta zama madadinsa ba. Ki sha ɗinya don daɗinta, amma in wani ya miƙo miki garin ganyenta ya ce ai ita ce Vitex ɗin da Turawa ke sayarwa, ki riƙe kuɗinki.

Ki ƙara duban wancan kashi 24 da suka samu sauƙi da ƙwayar wofi. Kusan mace ɗaya cikin huɗu ke nan ta ji daɗi sosai da abin da babu komai a cikinsa. Ba ƙarya suka yi ba. PMS tana hawa da sauka wata zuwa wata, kuma sa rai yana da tasiri a jiki. Wannan shi ke sa kowane jiƙo a kasuwa yana da mai rantsuwa a kansa cewa ya yi mata aiki, kuma shi ke sa shaidar maƙwabciya ba ta isa hujja ba, ko da gaskiya take faɗa.

Abu na gaba ba ganye ba ne, amma ba zan tsallake shi ba don hujjarsa ta fi ta yawancin ganyayen: kalsiyam, sinadarin ƙashi. A wani gwaji na 1998 a Amurka, da mata sama da 450, miligiram 1,200 a rana ya rage alamomin da kashi 48 cikin ɗari a wata na uku, masu ƙwayar wofi kuma kashi 30. Kofin madara ko nono yana ba da kimanin miligiram 300. Kindirmo, garin kuka, ganyen zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi da yawa, kuma waɗannan abincin kullum ne, ba sai an je kemis ba. Wadda za ta sha ƙwaya ta raba biyu, 600 da safe 600 da dare, tare da abinci, domin hanji ba ya iya ɗaukar da yawa a lokaci guda. A bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini, awa huɗu da maganin maƙoƙo, maganin kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin kuma a sha shi awa biyu kafin kalsiyam ko awa shida bayansa, in ba haka ba yana kama su ya hana su shiga jiki. Yana sa bahaya tauri, kuma mai tarihin tsakuwar ƙoda ta fara jin ta bakin likita. Zogale kuwa ganyen ake nufi. Saiwar da ɓawon ba abin shan mace mai yiwuwar ɗaukar ciki ba ne.

Idan makin da ya fi hawa a littafinki na ƙunci da kuka ne, za'afaran yana da ɗan abin nunawa. An gwada shi a 2008 a kan mata 50, kafson miligiram 15 safe da yamma na wata biyu, aka ga bambanci babba. Matsalarsa tsada da jabu. Na gaske idan aka jefa silinsa a ruwan ɗumi, ruwan yana yin rawaya a hankali, silin yana nan da jansa. Wanda ya rina ruwan ja nan take ya koma fari, rini ne. Giram-giram ɗinsa guba ne, yana iya zubar da ciki, ba a shan sa da cokali. Babunaj kuma, wanda shagunan magungunan Musulunci ke sayarwa, na barci da natsuwa ne: babban cokali ɗaya na busasshen furen a kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti 10, a tace, a sha da dare. Ba a tafasa shi a wuta. Mai atishawa da kumburin ido idan ta shaƙi furanni ta fara da kaɗan ta gani.

Kirfa da hulba duk an gwada su, amma a ciwon mara na kwana ukun farko, ba a fushin da ke gaba ba. Kirfar da ta cika kasuwanninmu, mai kauri da tauri, tana ɗauke da sinadarin kumarin da ke wahalar da hanta. Ga mace mai nauyin kilo 60, kimanin giram 2 a rana ya kai iyakar da hukumomin abinci na Turai suka sa. Rabin ƙaramin cokali a yini, kwana uku, ya wadatar. Hulba tana saukar da sukari, don haka mai shan maganin ciwon sukari ta kula, tana sa gumi da fitsari wani ƙamshi da ba kowa ke so ba, kuma mai rashin jituwa da gyaɗa tana iya samun irin haka da ita.

Sai kanwa. Kada ki sha, kuma dalilin yana cikin abin da kika rubuto: kumburi. Kanwa gishirin sodiyam ce, sodiyam kuwa ruwa yake riƙewa a jiki, a daidai kwanakin da jikin ke riƙe ruwa da kansa. Za ta ɗan kwantar da ƙwannafi ki yi gyatsa ki ji kamar an samu sauƙi, mama da ƙafa kuma su ƙara nauyi, hawan jini ya ƙaru ga mai shi. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da kunun kanwa da ake ɗirka wa masu jego tare da zafin wanka da na gado. Ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa daban, jiƙa ta a kofi a sha daban. Abin da ke rage kumburin shi ne akasin haka: a makon nan a rage gishiri da ɗanɗanon dunƙule da yajin cikin taliyar yara, a ƙara ruwa, a ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon cika ciki sau biyu.

Zoɓo yana ɗan ƙara fitsari, yana kuma saukar da hawan jini kaɗan. Kofi ɗaya ko biyu na wanda kika dafa da kanki, da citta, ba sukari ko kaɗan ƙwarai, ba laifi. Na kan titi yawancinsa sukari ne, sukarin kuma yana ɗaga ki ya yar da ke bayan awa ɗaya ko biyu, kwaɗayin da kasalar su dawo. Mai jiri idan ta miƙe, ko mai shan maganin hawan jini, kar ta yawaita. Filasko da sanamaki, da wasu ke sha don cushewar ciki a waɗannan kwanaki, suna aiki ne ta hanyar murɗa hanji, sai su ƙara wa mara ciwo, kuma shan su sama da mako yana zubar da gishirin fotasiyam. Firojestaron ne ke rage tafiyar hanji a lokacin. Jiƙaƙƙiyar tsamiya, nunanniyar gwanda, ganye, ruwa da tafiyar minti 30 da ɗan sauri sun fi dacewa. Goro, kofi da shayi mai kauri a gwada rage su saura kwana goma, musamman ga mai ciwon mama da rashin barci. Wasu suna ganin bambanci, wasu ba sa gani, littafin zai faɗa miki. Shayi a kan abinci kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, wanda mai zubar da jini duk wata ba ta da rarar sa.

Akwai abin da ya shafe ki kai tsaye a matsayinki na matar aure. Makon da ake shan waɗannan abubuwa shi ne makon da ciki ke kama mahaifa idan an samu, kwana 6 zuwa 10 bayan fitar ƙwai. Alamomin farkon ciki kuma su ne dai nauyin mama, kumburi, kasala da saurin fushi. Gwajin fitsari ba ya zama abin dogaro sai ranar da al'ada ta kamata ta zo ba ta zo ba. Ma'ana, mace na iya shan jiƙo tana zaton baƙon wata take jira alhali ciki ne. Idan kina neman haihuwa, ko ba kya bin wata hanyar tazara, ki tsaya a kan citta da ba ta wuce giram 1 a yini ba, wanda awo ne da ake ba masu laulayi ma, da kalsiyam, da gyaran abinci. Vitex, za'afaran na magani, hulba, kirfa mai yawa, zoɓo mai kauri, da duk wani abu mai ɗaci da aka ce yana wanke mahaifa ko yana sauko da jini, ki bar su. Al'ada ta makara ko da kwana biyu, ki dakatar da komai ki yi gwaji.

Cikin abin da ake tallatawa a intanet, wanda ya fi haɗari shi ne wani ganye da ake kira St John's wort. Yana sa hanta saurin ƙone magunguna, sai ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu su rasa ƙarfi, haka maganin ƙanjamau da warfarin da wasu magungunan farfaɗiya; haɗa shi da maganin damuwa na asibiti kuma na iya kawo rawar jiki da zazzaɓi da ruɗewa. Man wani tsiro da ake kira Evening primrose ba shi da wannan haɗari, amma a gwaje-gwaje masu kyau bai fi ƙwayar wofi ba, har Birtaniya ta janye lasisinsa na maganin ciwon mama a 2002. Bitamin B6 yana ɗan taimako, sai dai shan mai yawa na dogon lokaci yana lalata jijiyoyi, ya fara da jin kamar ana tsira allura ko mutuwar yatsu. A 2023 hukumar abinci ta Turai ta sa iyakarsa a miligiram 12 a rana ga babba, alhali akwai ƙwayoyin 50 da 100 a kemis.

Jiƙon gorar da aka ba ki, tambayata ɗaya ce: me ke ciki, kuma nawa? In mai bayarwa ya ce sirri ne, ki ajiye. Haɗin da ba a san sassansa ba ba a iya auna shi, ba a iya sanin abin da zai yi karo da shi, kuma an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da magungunan kashe zafi na asibiti a ɓoye a cikinsu. Ko na kwalba mai lambar NAFDAC, idan lambar ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba ba ya cutarwa a awon da aka rubuta, ba an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa a jikinsa ba.

Tsarin da zan ba ki shi ne, bayan wata biyu na rubutu, ki ɗauki abu ɗaya tak ki ɗora a kan gyaran abinci, ki ci gaba da ba da maki wata uku. Citta, hulba, habbatus-sauda da kirfa a kofi ɗaya, in an samu sauƙi ba a san wanda ya yi ba, in ciki ya ɓaci ba a san wanda za a cire ba. Idan jimillar makin mako na ƙarshe ta sauka da rabi, ya yi aiki. Idan ba ta motsa ba, a canza, ba a ninka ba.

Wasu abubuwan ba sa jiran wata uku. Jinin da ke jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko mai guda-guda manya, ko mai wuce kwana bakwai. Ciwon mara da ke ƙaruwa shekara zuwa shekara ko yake zuwa lokacin saduwa. Ƙullutu a mama ɗaya da ba ya tafiya bayan al'ada. Makarar al'ada tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini, wanda zai iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma na gaggawa ne a daren. Haka idan fushin ya kai ga duka, ko yana neman raba aure, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa a waɗannan kwanaki. Wannan matakin shi ake kira PMDD, yana samun mata kamar 3 zuwa 8 cikin ɗari, ba iska ba ce kuma ba rashin haƙuri ba ne, kuma ya fi ƙarfin shayi. Ki tafi wurin likitan mata da littafinki a hannu. Yana da magunguna irin fluoxetine ko sertraline, waɗanda a wannan matsala suke fara aiki cikin kwanaki kaɗan, don haka ana iya shan su kwana 14 na ƙarshe kawai a kowane wata maimakon kullum, da kuma wasu ƙwayoyin tazara masu ɗauke da sinadarin drospirenone ga wadda ba ta neman ciki a yanzu.